Ford F-250 mai gas ƙirar 2006, in saya ko in haƙura? Ina neman shawara

Ɗan_Dawanau

Assalamu alaikum 'yan uwa masana harkar mota. Wata babbar a-kori-kura aka yi min talla, Ford F-250 ce 'yar Amurka ƙirar 2006, mai shan gas, a jikin ƙofa an rubuta Power Stroke, injin 6.0 ne. Ta jima da shigowa ƙasar nan, takardunta lafiya lau. Aikin da nake so ta yi min shi ne kwaso masara da waken suya daga ƙauyuka zuwa Dawanau, da damina kuma taki, wani lokacin a jona mata ƙaramar tirela a baya. Bodinta tsaf wlh, giya na shiga ba gardama, amma abu biyu sun tsaya min a rai. Da safe in an tashe ta sai ta yi ta karkarwa tana fitar da farin hayaƙi, sai ta ɗau zafi take daidaita, sannan a bakin robar nan da ake zuba ruwan lagireto akwai wani farin abu da ya bushe a kewayen murfin. Mai motar ya ce ai haka manyan motocin gas suke ba wani abu ba ne. Bakanikena kuma ɗan Hilux ne, ya faɗa min gaskiya bai taɓa buɗe irinta ba. Don Allah wanda ya san injin nan ya taimaka kafin in saka kuɗina.

Oga_Fanteka

Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka biya ko sisi tukuna. Farin abin nan da ka gani a murfin roba shi ya fi damuna, ba karkarwar safe ba, domin alama ce ruwa na tunkuɗowa waje in mota ta ɗau kaya ko tana hawan tudu, kuma a 6.0 hakan yawanci ɗayan biyu ne, ko kular EGR (na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji) ta tsage ko tof gasket ya fara tafiya.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake tun daga tushe don ka gane. Injin nan kamfanin International ne ya ƙera wa Ford, an saka shi a irin waɗannan motoci daga 2003 zuwa 2007. Yana da kular baƙin mai a can tsakiyar inji, ƙofofin da ruwa ke bi a cikinta ƙanana ne ƙwarai, to ruwan sai ya ratsa ta nan kafin ya isa kular EGR, wato wadda ke sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji. In datti ya toshe ta farkon sai ta biyun ta rasa isasshen ruwa alhali hayaƙi mai tsananin zafi na bi ta cikinta, sai ta tsage, ruwa ya shiga hanyar iska ya sauka cikin silinda, daga nan farin hayaƙi, in ruwan ya yi yawa ma ya cika silinda ya lanƙwasa rodi. Kuma ka san halinmu a nan, ruwan rijiya ko fiya wata ake antaya wa lagireto, ba wanda ke sayen kulan na gaske, wannan ruwan kuwa tsatsa da gasa-gasa yake tarawa, to motar da ta yi shekaru a hannun mutanenmu da wuya ka samu kularta ba ta fara toshewa ba.

Batun gasket kuma, kusoshin da suka ɗaure kan injin guda 4 ne kawai a kewayen kowace silinda, tsohon 7.3 da ya gabace shi 6 gare shi, shi ya sa in zafi da matsi suka yi yawa kusoshin ke miƙewa. Aikin canza shi ba ƙarami ba ne, da yawa sai an ɗaga gidan direba gaba ɗaya daga kan shasi kafin hannu ya kai.

Ita karkarwar safe tana iya zama nozul ne, sbd nozul ɗin injin nan da matsin baƙin mai yake aiki, in ana jinkirin juye ko ana zuba mai mara kyau sai su riƙa maƙalewa da sanyi. Tana iya zama kuma ɗan akwatin kwamfutar da ke ba su wuta, FICM sunansa, bolt 48 ya kamata ya riƙa bayarwa, in ya sauko ƙasa da 45 ya gaji, kuma raunin batir ne ke kashe shi, motar batir biyu gare ta ka duba duka biyun.

Abin da za ka yi ka nemo mai sikana ya jona, ku hau titi ku yi tafiya mai ɗan nisa da gudu daidai har inji ya gama ɗaukar zafi, ku kalli zafin baƙin mai da zafin ruwa a tare. In na mai ya haura na ruwa da sama da digiri 8 a ma'aunin da muke amfani da shi, wato 15 a na Amurkawa, kular ta toshe. In mai motar ya ƙi yarda a yi wannan gwajin to ka san abin da ake ciki.

Direba_Ohayo

Oga_Fanteka Allah ya ƙara basira, duk abin da ka faɗa haka yake. Ni a Amurka nake, jigilar motoci nake yi da tirela a bayan irin waɗannan manyan fikof, nan kowa ya san labarin 6.0, har akwai masu gareji da sana'arsu kenan, su canza kular biyu su saka kusoshi masu ƙarfi na kamfanin ARP. Amma Alhaji kar a ce maka ka gudu daga 2006 ka koma sabuwa shi kenan ka huta, kowane zamani da ciwonsa.

Na 6.4 da ya biyo baya daga 2008 zuwa 2010 a ganina ya fi 6.0 wahalarwa, shi ne na farko da Ford ta saka wa DPF, matatar nan ta cikin salansa mai kama baƙin hayaƙi. In za ta ƙone dattin da ta tara sai inji ya ƙara fesa gas, wani ya gangara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi, ga fashewar fistin ga yoyon lagireto. Daga 2011 Ford ta fara ƙera nata 6.7 da kanta, inji ne mai kyau gsky yana da ƙarfi sosai, amma famfon gas ɗinsa Bosch CP4 ne, kuma shi wannan famfo gas ɗin da ke ratsa shi ne kaɗai man da ke shafe ƙarafunansa, da zarar ruwa ya shiga ko gas ya rasa santsi sai ya fara cin kansa ya watsa garin ƙarfe cikin nozul 8 da bututai har tanki, komai sai an canza ko an wanke. Injin Duramax na motocin Chevrolet da GMC daga 2011 zuwa 2016 shi ma famfonsa CP4 ne, sai 2017 suka koma na Denso. Kamfanin motocin Ram ma ta saka CP4 ɗin a ƙirar 2019 da 2020, a ƙarshen 2021 ta yi kiranyen motoci sama da 200,000 aka mayar musu da tsohon famfo CP3. To in a nan da ake da tsaftataccen gas haka ta faru, ka yi tunanin na jarka a bakin hanya wanda wani ya haɗa da kananzir don riba.

Su ma tsofaffin ba su tsira ba. Duramax na farko daga 2001 zuwa 2004 nozul ke ba shi matsala kuma a ƙarƙashin murfin bawul suke, buɗewa kaɗai aiki ne. Injin Cummins 5.9 na motocin Dodge Ram mai bawul 24 na tsakiyar 1998 zuwa 2002 famfonsa VP44 mutuwa yake in ƙaramin famfon da ke turo masa gas daga tanki ya yi rauni. Mai bawul 12 kuwa, musamman 1994 zuwa 1998 mai famfon P7100, babu kwamfuta a harkar mansa sam, shi ne da zan ce ya dace da gida, sai dai akwai wani ɗan fegi a gaban inji da ke zamowa ya faɗa cikin haƙoran taimin, ana toshe shi da ɗan ƙarfe tun kafin ya yi ɓarna. Matsalar ita ce samun mai lafiya yanzu, sun tsufa.

Ɗan_Dawanau

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To Oga wani ya ce min ai sai kawai a toshe EGR ɗin a huta, gaskiya ne? Sannan dillalin ya ce akwai ƙirar 2013 ma a Abuja in wannan ba ta yi min ba, amma wai ita akwai wani ruwa da ake zuba mata daban bayan gas, wane ruwa ne kuma?

Direba_Ohayo

DEF kenan, a wasu ƙasashe AdBlue ake ce masa, yuriya ce mai tsafta kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa, ana fesa shi cikin salansa don rage gubar hayaƙi. In ya ƙare ko sensa ta ga ba mai kyau ba ne kwamfuta za ta rage wa motar gudu, daga ƙarshe ta koma rarrafe. Don Allah tunda harkar taki kake kar wani ya ruɗe ka ya ce a jiƙa takin yuriya na gona a zuba, zai toshe komai ne. Sannan motocin nan daga wajen 2007 zuwa sama an yi su ne don gas mai ƙarancin sulfa, 15 cikin miliyan, wanda ya haura haka sosai yana saurin cika DPF. Cire waɗannan kayan a nan Amurka laifi ne ana cin tara mai yawa, ni dai ba zan ba da shawararsa ba, hayaƙin nan mutane ne ke shaƙa a kasuwa.

Ba_Damagarame

Salamu alaikum daga Damagaram. Ni dai Alhaji tambayata ɗaya ce, in ta tsaya maka a daji tsakanin ƙauye da ƙauye da buhu a baya, wa za ka kira? Mu nan ko da muna da matatar mai ta SORAZ gazuwal, wato gas, na samuwa, masu shiga hanyar Agadas da Bilma Land Cruiser 79 mai injin 1HZ suke riƙewa, lita 4.2 silinda 6, ba tarbo ba kwamfuta, ba don ta fi ƙarfi ba, ko kusa ba ta kai Ford ja ba, sai don kowane makanisiye ya san cikinta kuma kayanta na ko'ina. In kaya ne zalla kake so ka ɗauka ai Canter ta fi, bayanta ya fi faɗi. Kuma ko wacce ka saya ka kula da filtar iska lokacin hunturu, ƙura na cinye tarbo da ringi, a yi bidanji, wato juye, a kan lokaci.

Injiniya_Apo

Ni ban yarda a tsorata bawan Allah haka ba gaskiya. 6.0 ƙasan injinsa ƙarfi gare shi, karanshaf da bulo ba su cika ba da matsala ba, kuma giyar otomatik ɗin da ke jikinsa ta fi ta Dodge na shekarun nan juriya. Ciwonsa sananne ne kuma maganinsa sananne ne, in an canza kular mai da ta EGR aka saka kusoshi masu kyau aka ƙara ɗan filtar ruwa, mota ce da za ta yi aiki shekaru. Kuma a ganina ta fi ta 2013 dacewa da gas ɗinmu tunda ba CP4 ba DPF ba ruwan DEF. Inda na yarda da ɗan'uwa na Damagaram shi ne kayan gyara, ba za ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka nozul ɗin 6.0 a miƙo maka nan take ba, ko Ladipo sai an yi cigiya, galibi odar su ake daga waje, to in sana'arka ba za ta jure mota ta kwana biyu a gareji tana jiran kaya ba a tsakiyar kaka, wannan lissafi ne da kai kaɗai za ka yi. In za ka saya a cire kuɗin duk gyaran nan daga farashi tun yanzu.

Oga_Fanteka

Alhaji toshe EGR ba ya buɗe kular man da ta toshe, nan mutane ke yin kuskure, su toshe su ga farin hayaƙi ya tsaya su ɗauka an gama, baƙin mai kuwa na can na ta dahuwa, kuma shi ne ke tuƙa nozul kamar yadda na ce, in gasket ya riga ya tafi ma toshewar ba abin da za ta yi masa. Injiniya_Apo ya yi gaskiya a kan ƙarfin injin, amma sharaɗin shi ne a samu hannun da ya iya.

Ga ƙarin gwaji biyu da na so in faɗa. Bayan kun dawo daga titi inji na da zafi ka kashe ta ka jira kamar minti goma ka sake tayarwa, in ta yi ta juyawa ta ƙi kamawa alhali da safe ta tashi, to matsin baƙin mai na zurara ta wani wuri, nozul ba sa buɗewa sai matsi ya kai wajen psi 500 a sikana, kuma ƙirar 2005 zuwa 2007 an san su da wani mahaɗi mai saki a jikin famfon da ke matsa baƙin mai. Na biyu ka leƙa ƙarƙashin mota ɓangaren direba a jikin shasi, akwai gidan filtar gas mai raba ruwa, a kwance kusar a tari abin da ya fito a kwalba mai haske a ajiye ya kwanta, in ka ga ruwa ko tsatsa a ƙasa ka san irin gas ɗin da ta sha. Filtar gas ɗinta biyu ce, ɗayar na saman inji, tare ake canza su. Juyenta kuma wajen lita 14 ne na baƙin mai, ka saka shi a lissafin sabis. In ka samo lambobin sikanar ka turo su nan in duba maka, musamman zafin mai da na ruwa da bolt ɗin FICM lokacin da ake murza makulli.