Wai an kashe kiɗan Indiya tsantsa a bukukuwa?

Mai Tabla: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Masu shirya bukukuwan kiɗa a Indiya sun mayar da raga, wato tsarin sautukan da ake gina kiɗan gargajiyarsu a kai, 'yar rakiya. A ba mai sitar, garayar Indiya mai dogon wuya, minti 40, alhali alap kaɗai, buɗewar nan da ake yi a natse babu ganga, kan ci rabin awa kafin a shiga jor da jhala, sassan da kiɗan ke ƙara sauri. Ga doka ta hana lasifika a fili daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, sai a kwashe awa biyun ƙarshe a ba masu haɗe-haɗe da jita da gangunan Turawa. To yaushe za a ji Darbari, ragar tsakar dare? Kiɗa tsantsa ya mutu.

Hajiya Sarangi: Malam, wane tsantsa? Harmoniyam, akwatin kiɗa mai maɓallai da zuga-zugi, da ke gefen mawaƙan khayal (salon waƙar gargajiya na arewacin Indiya) a bikin Sawai Gandharva na birnin Pune, daga Turai ya shigo a ƙarni na 19. All India Radio, tashar rediyon gwamnatin Indiya, ta hana shi daga 1940 zuwa 1971, don maɓallansa a kafe suke, ba ya iya jan murya daga wannan sauti zuwa wancan, abin da suke kira meend.

Mai Tabla: Hajiya, rakiya yake yi, ba shi ke jan waƙa ba.

Ɗan Kudu: In don tsantsa ne sai ku sauko Chennai, a kudancin Indiya. A lokacin bikin kiɗa na Margazhi, Disamba zuwa Janairu, cikin zaure ake yi, babban mawaƙi ya samu awa biyu da rabi. Matsalar 'yan arewacin Indiya ce.

Hajiya Sarangi: Ƙanina, da gogen Turawa a hannu kake kiran tsantsa? Har mandolin kun shigar.

Ɗan Kudu: Mun sake masa saiti, a zaune ake goga shi, kansa jingine da idon sawu. Ya zama namu. Ita tabla ma, tagwayen gangar 'yan arewa, jiya-jiya ce in aka sa ta kusa da mridangam, gangarmu ta kudu.

Mai Sauti: Ku bar tarihi, matsalar a kan dandamali take. Tabla makirfo biyu take so, ɗaya kan ƙaramar gangar da ake kira "dayan", ɗaya kan babbar da ake kira "bayan", tazarar kamar yatsa huɗu daga fata. Ita "bayan" da babbar gangar ƙafa da jitar bes duk da kakkauran sauti suke magana, in ba a rage wa gangar ƙafa da jitar kaurin sauti ba, sai "bayan" ta nutse. Sitar tana da ƙananan tsirkiyoyi 11 zuwa 13 da ke amsawa da kansu. Ganga ta buga su ɗauka, a ƙara makirfo lasifika ta yi kuka. Mafi muni shi ne tanpura, mai tsirkiyar da ke riƙe sautin tushe ba tsayawa, ta ɓace a lasifikar da ke fuskantar mawaƙi. Da zarar ya daina jin Sa, wato sautin tushen, ya kauce. Magani: a fara sa tanpura kafin komai, mai ganga ya bar sanda ya ɗauki burushi, a gitta allon roba mai kauri tsakaninsa da mai sitar.

Mai Tabla: Ka manta fitila. Zafinta na ɗaure fatar dayan sauti ya hau, raɓar dare ta saki shi ya sauka. Shi ya sa guduma ba ta barin gefen makaɗi. Kuma dayan a kan Sa ɗaya ake ɗaure ta, mai jita kuwa yana yawo, sai an zo da dayan biyu ko uku.

Baba Kamaicha: Duk kun manta talakawa. Manganiyar da Langa, makaɗan gado na jihar Rajasthan, fa? A bikin kiɗa na RIFF da ake yi a birnin Jodhpur, cikin ganuwar Mehrangarh a watan Oktoba, su ne masu gida, har da zaman asuba a Jaswant Thada. Kamaicha, gogen Manganiyar, kwano ne na icen mangwaro da fatar akuya, manyan tsirkiyoyi uku na hanji. Khartal kuwa katako huɗu ne da ake kaɗawa, biyu a kowane hannu. In akwai tsantsa to ga shi nan.

Ɗan Kudu: Baba, su ne kan gaba wajen hawa dandamali da makaɗan Turai a wannan bikin.

Baba Kamaicha: Neman abinci ne, yaro.

Hajiya Sarangi: Gwanin tabla Zakir Hussain ma neman abinci ne ya haɗa shi da mai jita John McLaughlin a ƙungiyar Shakti? Wa zai ce bai san teentaal, zagayen bugun tabla, ba?

Mai Tabla: Shi ya san bugu 16 ne, ya san khali, bugun da ba a tafa masa, a na 9, kuma duk yawon da ya yi a kan sam, bugun farko, yake sauka. Na yanzu huɗu-huɗu suke ƙirgawa su ce sun haɗa.

Mai Sauti (shugaban zaure): Na rufe. Abin da aka cim ma: babu wanda ya kawo hujjar cewa wani kiɗa ya mutu, kuma kowa ya yarda laifin rashin gwajin sauti ne. A ba masu na'ura awa ɗaya kafin a fara, da minti 10 tsakanin raga da raga don mai sitar ya sake ɗaure ƙananan tsirkiyoyi.

Mai Tabla: Wa ya yarda? Maganar minti 40 fa?