Wai ina iyakar wasa da cin fuska a jami'a?

Ɗan Samaru:
Salam jama'a. Na karanta yadda a 2015 ɗalibai baƙar fata a Jami'ar Missouri ta Amurka suka yi ta zanga-zanga kan wariyar launin fata, har 'yan ƙwallon makarantar suka ce ba za su buga wasa ba, ƙarshenta shugaban jami'ar Tim Wolfe ya sauka. Wasu na cewa abin ya wuce gona da iri, wai yanzu lakcara ma tsoron buɗe baki yake a aji. Mu nan fa, ya kuke gani?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Su fa tarihin bauta ne a bayansu, kakanninsu aka sayar, to ba za ka zo ka ce musu su yi haƙuri wasa ne ba. Ko Afirka ta Kudu a shekarar ɗalibai suka sa aka cire gunkin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, a Jami'ar Cape Town, kuma wallahi ina bayansu.

Bazazzagi:
Hajiya gaskiya ne, amma ni tsorona kar mu kwaso nasu mu kashe wasan Kanawa da Zage-zagi ko na Fulani da Barebari, wannan ai zumunci ne tun kaka da kakanni kuma kowa na ramawa.

Yar Kongo:
To ai nan ne bambancin yayana, kowa na ramawa. Amma a hostel a taru a kan yarinya ɗaya Bayarabiya ana kwaikwayon Hausarta tana murmushin dole, wa za ta rama wa? Na gani da idona, ranar ko abinci ba ta ci ba.