"Taron tsintsiya ba shara": ta hau kan 'yan siyasar waya?

Ɗan Fagge: Jiya a majalisarmu wani dattijo ya tarar da mu kowa kansa a waya, ana ta fafatawa kan siyasa a Facebook. Ya girgiza kai ya ce, "Taron tsintsiya ba shara." Maganar ta tsaya mini a rai. Me take nufi takamaimai, kuma da gaske ta hau kanmu?

Malamar Hausa: Ƙanena, ana faɗinta ne idan mutane sun taru maƙil, ga kayan aiki, amma aka watse ba a tsinana komai ba. Ka lura, ba tsintsiyar aka zarga ba. Mai sunkuyawa ya yi sharar ne aka rasa.

Tela Bazazzagi: Malama, fassararki ta yi, amma ni ban yarda ta hau ba. A Twitter aka hura wutar EndSARS, zanga-zangar neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, a Oktoban 2020, ran 11 ga wata aka sanar da rushe rundunar. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2018, wadda ta sauko da shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, matasa ne suka yi ta kururuta ta. In ba shara ake ba, me ya sa gwamnati ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Malamar Hausa: Malam, rufewar nan bayan an goge wani saƙon Buhari ta zo. Kuma EndSARS ɗin sai da mutane suka fita titi. Ka tuna a lokacin nan Arewa wasu na kare SARS, wasu na ta rubuta SecureNorth saboda 'yan bindiga. Tsintsiya ɗaya ce, kowa da ɗakin da yake son sharewa. Haka a Amurka, magoya bayan Trump da masu Black Lives Matter, fafutukar kare rayukan baƙar fata, dukansu da wayar suka tara jama'a.

Ejan Akwati: Bari in faɗi abin da idona ya gani. Na yi ejan a zaɓen 2023. Zaurenmu na WhatsApp cike yake, dare da rana ana turo hotunan ɗan takara. Ranar zaɓe mu uku muka kai ƙarshen ƙirga a rumfarmu. Duhu ya yi, da fitilar waya muka haska takardar sakamako na ɗauki hotonta, cajina saura kaɗan, ban ci komai ba tun kokon safe. Sauran suna gida suna tambaya, "Ya ake ciki?" Wallahi ranar na ji ciwon karin maganar nan a jikina. Amma hoton da na tura, su ne suka yaɗa shi kafin in isa gida, don haka ba zan ce ba su yi komai ba.

Tela Bazazzagi: To ka gani! Ai mai kwashe shara ma yana cikin aikin.

Ɗan Fagge: Malama, saura ɗaya. Tunda tsintsiya alamar APC ce, in na faɗe ta a dandali ba za a ɗauka habaici nake ba?

Malamar Hausa: Za a ɗauka, sojojin baka ma sun sha juya ta haka. Karin maganar ta girmi jam'iyyar nesa ba kusa ba, amma in za ka rubuta ta, ka fayyace taron da kake nufi.