Mussar Inna ta tsufa, tana amai, ciki ya ɗaure

Maman Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina kwananku? Na san maganar kaji da jar akuya aka saba yi a nan, amma ni yau mussa, wato mage, ta kawo ni. Ta Innarmu ce a Bagalam, Baturiya muke ce mata. Shekarar da na haihi Nana aka kawo ta cikin kwali, ga Nana yanzu da shekara 13. Tun bayan ƙaramar salla ta soma amai, da hwari sau guda a sati, yanzu kusan kullum. Wani lokaci abincin ke dawowa yadda ta ci shi, wani lokaci kumfa mai ruwan ɗorawa. Ta rame, in ka shafa bayanta sai ka ji ƙashin kamar carbi. Jiya na ga ta tona rairayin bayan ɗaki ta tsuguna tana ta nishi, abin da ya hito ɗan guntu guda ne mai tauri kamar ƙwallon magarya. Inna ko tuwon dare ba ta ci ba saboda ita. Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka.

Lawali: Wa alaikumus salam Anti. Ki dama mata madarar gari mai ɗumi, cikin zai sake. In kuma jikinta da zahi ki ɓalla kwatan farasitamol ki jiƙa mata.

Hajiya Balki: Lawali, goge wagga magana tun wani bai karanta ya aikata ba. Ɗiyata, ko ƙurar farasitamol kada ta shiga bakinta. Da hannuna na kashe tawa, shekara huɗu ke nan. Mai tallan magani ya ce in ba ta rabi, na ba ta da la'asar. Kahin sallar asuba huskarta ta kumbura, dasashinta ya koma kalar ƙasa, tana numfashi baki buɗe. Ba ta ga azahar ba. Har yau in na ga ƙwayar nan a hwaranti sai gabana ya faɗi.

Lawali: Subhanallahi. Na goge Hajiya, wallahi ban sani ba.

Mushe Abdu: Ba kai kaɗai ba ne, Lawali. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum ke warware maganin da shi, shi ya sa yake zame mata guba, ya hana jininta ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage. Ibuprofen ma haɗari ne, ƙoda da tumbi yake ci. Madarar kuwa, yawancin maguna in sun girma ba su iya narkar da sukarin da ke cikinta. Cikin zai sake, gaskiya ne, amma zawo ne, kuma tsohuwar da ta riga ta bushe zawo ne zai ƙarasa ta.

Malam Sanusi: Maman Nana, shekara talatin na yi a aikin kiwo kafin in huta, bari in yi miki tambayoyin da za a yi miki in kin kai ta. Na ɗaya, kin tabbata mace ce? Don namiji in fitsari ya toshe masa haka yake tsugunawa yana nishi, mutane su ce kashi ne ya ƙi, alhali kwana ɗaya ko biyu ya isa ya tafi. Sannan yaya shan ruwanta? Tana cin abinci da yawa tana ramewa, ko ta rage ci? Me ake ba ta? An sa maganin ɓera a gidan ko a maƙwabta?

Maman Nana: Mace ce Baba, ta haihu ya hi sau goma. Ruwa kam tana sha kamar raƙumi, kullum tana gindin randa, har makewayi take bin mu tana lasar ƙasa. Inda ta yi hitsari rairayin jiƙewa yake sosai. Cin ya ragu, takan zo ta shinshina ta lashe baki ta juya. Abin da munka ci shi take ci, tuwo da miya, kan kihi, da hura da Inna ke zuba mata a marhin kwano kullum da hantsi. Maganin kusu ba mu sa ba.

Malam Sanusi: To, ba a duba maras lafiya ta waya, amma abin da kika faɗa ya fi karkata ga ƙoda. Ciwon ƙoda na cikin abin da ya fi kama tsofaffin maguna. Ƙodar in ta gaji ba ta iya riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, ita kuma ta yi ta sha ba ta ƙoshi. Jiki da ya ga ruwa ya yi kaɗan sai ya tsotse na cikin hanji, shi ne kashin da kika gani kamar ƙwallon magarya. Dattin da ya kamata ya fita ta fitsari kuma ya taru a jini ya riƙa tayar mata da zuciya, shi ne lasar bakin nan da juya wa abinci baya. Kin ga amai da ɗaurewar ciki duk rassa ne, gindin yana wani wuri. Abin takaicin, awon jinin da aka saba yi ba ya nunawa sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙodar ya tafi.

Yi wannan yanzu: kama fatar dokin wuyanta ki ɗaga ki saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya kamar an naɗe tsumma, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Ɗaga leɓenta ki taɓa dasashi, ki shinshina bakin.

Maman Nana: Na yi. Hwatar a hankali take komawa. Dasashin na manne wa yatsa, bakin kuma wari, kamar na hitsari-hitsari.

Malam Sanusi: Gobe da sassafe ki kai ta. Kada ki jira jibi.

Ɗan Tibiri: Ku gafarce ni, amma mussa mai shekara 13 ai ta ci zamaninta. Kuɗin awon jini ya sayi tiyar hatsi nawa? Ku zo Tibiri in ba ku 'ya'ya biyu kyauta, tawa ta zuba biyar a rumbu.

Hajiya Balki: Kai dai ba ka zauna da tsohuwa ba. Wadda mijinta ya rasu, ɗiya sunka watse gidajensu, wa ke kwana a ƙahwahunta? Kuma ka manta matar da aka azabtar saboda ta kulle mage ba ci ba sha? Shekara 13 tana tsare musu buhunan gero, yanzu ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, sai a yar?

Ɗan Tibiri: Na tuba Hajiya. Amma tayin 'ya'yan na nan.

Mushe Abdu: A lissafin da likitocin dabbobi ke yi, mage mai shekara 2 kamar mutum mai 24 ce, daga nan kowace shekara a ƙara 4. Baturiya ke nan tana wajen 68. Dattijuwa ce, amma ana samun masu kai 18 har 20. Malam, ban da ƙoda fa? Na taɓa karanta cewa akwai mai sa su ci kamar gara suna ramewa.

Malam Sanusi: Akwai. Wata 'yar tsoka ce a wuya, tiroyid, in ta yi aiki fiye da kima mage ta yi ta ci, ta yi ta kuka da dare, ga amai ga rama. Ciwon sukari ma yana kawo yawan sha da fitsari. Akwai kumburin hanji mai daɗewa, akwai sankarar hanji, su biyun ma da wuya a rarrabe su ba tare da an ɗebi tsoka an duba ba. Wani lokaci kuma haƙori ne kawai ya ruɓe, tana haɗiye abinci ba tauna. Shi ya sa nake ƙin in ji an ce "ba ta kaza" daga jin amai. Abin da na fi tsoro shi ne rashin ci. Mage ba kamar kare ba ce, in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci komai ba kitse na iya taruwa a hantarta, wannan kuma wani sabon ciwon ne.

Hajiya Balki: Na ɗaurewar cikin dai mu da man gyaɗa muke yi, cokali guda a ɗura mata.

Malam Sanusi: A nan zan saɓa miki Hajiya. Ɗurar ce matsalar. In ta fizge, man ya bi hanyar iska ya sauka huhu, an sayi ciwon da ya fi na farko. In za a sa, ɗigo kaɗan cikin abinci ta lasa da kanta. Kuma kada kowa ya yi mata ɗurar ruwan sabulu ta baya, ko irin wadda ake sayar wa mutane a farmasi, masu fosfat a ciki kashe mage suke. Akwai ruwan magani mai zaƙi, laktuloz, yana tausasa kashi, amma likita ne zai faɗi adadi bayan ya auna nauyinta.

Hajiya Balki: To na ji. Amma kabewa fa? Kada ka ce ita ma.

Malam Sanusi: Kabewa na yarda. A dafa ta da ruwa zalla, a dame, ƙaramin cokalin shayi ɗaya cikin abinci.

Zara'u: Ina wuni iyayena. Ni ɗaliba ce a sashen noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, muna da mage a gida mai shekara 11. Abin da ya taimake mu shi ne ruwa a wuri uku. Ƙananan kasake na ƙasa na saya, ruwan na yin sanyi a ciki ko a zafin Afrilu, kuma ba a ajiye su kusa da kwanon abinci. Muna dafa mata kaza ko kifi ba gishiri, ba Maggi, ba albasa, mu zare ƙaya tsaf, mu marmasa cikin romon. Albasa da tafarnuwa na fasa musu ƙwayoyin jini ko an dafa su, don haka miyar gida da kilishi da dambun nama duk mun hana. Kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a wuni, da ɗan ɗumi don ƙanshin ya tashi. Da muke cika mata kwano sau ɗaya, tana gamawa take dawo da shi.

Sai taje gashi. Tsohuwa ba ta iya lanƙwasawa ta gyara jikinta kamar da, abin da ta lasa kuma ya dunƙule a ciki. Tsohon buroshin wanke baki nake bi da shi duk yamma, ku ga abin da ke fita lokacin da zafi ya shigo.

Lawali: Tsutsar ciki fa? Mai cin kusu ai ba ta rasa ta. Akwai irin babbar ƙwayar nan ta tumaki a gidanmu.

Zara'u: A'a Yaya Lawali, waccan an yi ta ne don dabba mai kilo talatin ko arba'in, wannan ko uku ba ta kai ba. Albendazol ma bai dace da mage ba, yana iya taɓa ɓargo. In an ga fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya, tsila ce, ƙuma da ɓera ke kawo ta, maganinta farazikwantel. Kuma kada a fesa mata maganin kaska na shanu ko na kare, mai farmetirin a ciki sa su karkarwa da farfaɗiya yake.

Malam Sanusi: Yarinyar nan ta yi karatu. Ƙari ɗaya: kada a ba ta na tsutsa yanzu tana a bushe, a fara gyara ruwan jiki.

Maman Nana: Na gode ƙwarai. Ina zan kai ta? Ni dai wurin allurar awaki na sani.

Malam Sanusi: Ki fara da ma'aikatar kiwo, ki ce likitan da ke duba kare da mage kike nema, don yawancinmu hannunmu ya fi sabawa da shanu da awaki. In ba ya nan za su nuna miki masu zaman kansu. Ki ce a auna ta a sikeli, a duba baki, a lalube ciki, a yi awon jini na ƙoda da na sukari in da hali. Ki ɗauki hoton aman da na kashin a waya.

Hajiya Balki: Kuma ba a buhu ba. Kwali mai ƙwari, a huda shi, a shimfiɗa tsohon zanen Inna a ciki don ta ji warin gida, a ɗaure da igiya. Adaidaita za ki shiga, kan kabu-kabu in ta tsorata ta ɓalle ba ki ƙara ganinta.

Maman Nana: Salamu alaikum, ga labari bayan kwana huɗu. Mun je. Kilo 2 da giram 600 ta yi. Likita ya lalubi cikin ya ce kashi ya cushe, ya sa mata ruwa ƙarƙashin hwata har wurin ya yi tozo kamar na raƙumi, kahin dare ya baje. Ya yi mata allurar tsai da amai, ya ba mu laktuloz ɗin. Awon ya nuna ƙodar ce, Baba Sanusi, kamar yadda ka ce, ga kuma turmin haƙori guda da ya ruɓe, sai ta yi ƙarhi za a cire. Ya ce ƙodar ba ta komawa sabuwa, lallaɓawa za a yi. Shekaranjiya ta yi kashi mai laushi, Inna har da guɗa. Amai sau guda tun ranar. Rigimar da ta rage hura ce, na kama Inna jiya tana zuba mata a ɓoye bayan randa.

Malam Sanusi: Alhamdu lillahi. Tunda ƙoda ce, a rage mata kan kifi, sardin na gwangwani da hanta, sinadarin fosfor ya yi yawa a cikinsu, shi ke ƙara gajiyar da ƙodar. Dafaffen farin ƙwai a haɗa da kazar. Ki tambayi likitan ko ana samun abincin masu ciwon ƙoda na kanti, a Yamai ko ta Katsina, don kaza zalla ba ta ɗaukar ta watanni. Canjin kuma a hankali, cikin mako guda. Duk sati biyu ki sa ta a kwalin ki aza a sikelin mai shago, ki rubuta.

Hajiya Balki: Inna kuma ku bar ni da ita. Ba hurar ce damuwarta ba, so take ta ba ta wani abu da hannunta. Ku zuba romon kazar a ƙaramar ƙwarya ku aje mata kusa da tabarma, da ludayinta. Jumma'a in na taso daga gidan suna a Mokoyo zan biyo.

Zara'u: Anti, kasko biyu sun rage mini, zan ba Hajiya ta taho miki da su.