Musayar Waƙa: In Naɗe Tabarmar Ko In Ci Gaba?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Abin da ke cina na sa a baiti. Mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke bayarwa, Shi ke hanawa.

Da rana ɗinki nake yi a shago,
Dare ya raba, baiti nake tsarawa.

Abin da na tara a kan keken ɗinki,
A situdiyo duk yake ƙarewa.

Mai kiɗan fiyano sai na biya shi,
Wuta ta ɗauke, fetur nake sayowa.

Waƙar ta fita, ta cika wayoyi,
Mai tura ta a kasuwa ke morewa.

Baba ya ce roƙo ba gadonmu ba ne,
Ya ce wannan hanya ce ta ɓacewa.

Inna ba ta ce uffan ba, amma
Na ga idonta yana ta cikowa.

Ku faɗa mini, in naɗe tabarmar,
Ko in daure in ci gaba da rerawa?

Kawu Na Kwari:
Ɗana, ba zan shafa maka zuma a baki ba.

Na ga mawaƙa da yawa a Kano,
Sun yi tashe, yau ba a ambatawa.

Ka tuna 2020, zaman kulle,
Ba biki, ba suna, ba a taruwa.

Farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya,
An yi ta biki, ba mai liƙawa.

Na san makaɗin da ya sai da gangarsa,
Don yara su sami abin karyawa.

Riga kowa sai ya saka ta, ɗana,
Waƙa sai an ƙoshi ake tunawa.

Baba Mai Kalangu:
Alhaji, gaskiya ka faɗa, ba musu,
Amma da saura, ga ni ina ƙarawa.

Shata na Musawa ba gado ya yi ba,
Mahaifinsa bai so ba, ya sha hanawa.

Kafin kalangu ya amsa sunansa,
Goro ya sayar, ya sayar da alewa.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello
Ta ba shi digirin dakta na girmamawa.

Ya kwanta dama a 1999,
Har yau a tasha shi ake sakawa.

Ɗan Maraya na Jos, ba uwa ba uba,
Kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake kaɗawa.

Ya je ƙasashen da bai san harshensu ba,
Da ɗan abin nan da ake renawa.

Ban ce kowa zai zama Shata ba,
Dubu sun taso, kaɗan ke ɗorewa.

Na tsufa da kalangu a hammata,
Ban gina bene ba, ba na ɓoyewa.

Amma da damina muna cikin gona,
Kaka ta yi, biki ya buɗe muke fitowa.

Da fartanya da kalangu na ci da gida,
'Ya'yana duka na gama aurarwa.

Fatar kalangu in ta sha raɓa,
Sai ta ji wuta take amsawa.

Kai ma wutar ce kake ji, jikana,
Riƙe allurarka, kar ka bar rerawa.

Yaya Mai Amada:
Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗan tsoma baki, don an manta da mu mata.

Barmani Coge ta Funtuwa, ƙanena,
Ƙwarya ce jarinta, ba ta renawa.

Ta ce wa mata su tashi su yi sana'a,
Sai 2013 ta yi rasuwa.

Amma ni batun Babanka ya fi damuna,
Albarkarsa ba abin yin wasa da ita ba ce kuwa.

Abin da yake tsoro shi ne zambo,
Da bin masu kuɗi ana durƙusawa.

Ka zaɓi mai tsabta cikin waƙoƙinka,
Ka sa ƙaninsa ya kai, ya ji da kunnuwa.

In an kira ka biki, ku yi ciniki,
Kafin alƙalami kake fara karɓowa.

Kar ka dogara da liƙin fili,
Wata rana akwai, wata rana ba kowa.

Ka sa sunanka a baitin farko,
Ka ɗora a YouTube kafin a fara turawa.

Kawu Na Kwari:
Na ji ku duka, ban sauka daga kan bakana ba,
Sai dai sharaɗi ɗaya nake kafawa.

Ranar da ka sai da keke don situdiyo,
Ni da kaina wajen Babanka zan kai ƙara kuwa.

Ɗan Fagge:
Kawu, keke na nan, na ɗauki alkawari,
Kayan Sallah ma na fara yankawa.

Yaya, akwai wadda na yi wa iyaye,
Ita Baffa zai kai, gobe zan miƙawa.

Sai dai gabana yana ta faɗuwa,
In ya ji ya ce a'a, ina zan dosa kuwa?

Baba Mai Kalangu:
In ya ce a'a, ka dakata, jikana,
Ka bar Baffa ya ci gaba da lallaɓawa.

In kuwa ya yarda, Asabar mai zuwa
Akwai ɗaurin aure a Bakori, muna zuwa.

Ɗan amshina ɗaya ba shi da lafiya,
Ka zo ka tsaya a bayana kana amsawa.

Kuɗin mota ni zan biya maka,
Ka taso da wuri, da hantsi muke farawa.