Tiyatar ƙashi: in jira Dala ko in nemi jiha ta tura ni?

Likitan Karkara: Assalamu alaikum manyana. Na gama bautar ƙasa, ina aiki a babban asibitin jiha, kuma na ci firamaris, wato jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa, ta NPMCN (kwalejin ƙwarewar likitoci ta Najeriya). Tiyatar ƙashi nake so. In jira Asibitin Ƙashi na Dala ya buɗe ɗaukar residen (likitoci masu horon ƙwarewa), ko in nemi jiharmu ta tura ni tana biyana? Ina da iyali, ba zan iya zama babu albashi ba.

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Ka fara cin firamaris tukuna. Ta WACS, kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ta fi, don har Gana da Saliyo an san ta.

Likitan Karkara: Yallaɓai, ai na ce na ci.

Tsohon Residen: Ƙanena, kada ka yarda da turawar jiha sai ka ga takarda da sa hannu. Ni haka aka tura ni. Ina shiga zagayen tiyata aka tsayar da albashina, wai fayil ya ɓata. Ina kwana a tiyata ina riƙe ƙafar wanda babur ya karya, da asuba maigidan haya na buga mini waya. Matata ta sayar da ɗan kunnenta na biya kuɗin Part 1, jarrabawar da ke bin firamaris. Da na ci, su ne suka fara aiko mini takardar yarjejeniya, wai in dawo in yi musu aiki. Allah ya isa.

Ummu Sadik: Allah ya saka maka. Amma ni jiha ce ta tura ni ABUTH Shika, asibitin koyarwa na ABU Zariya, ko wata ɗaya ba a riƙe mini ba. Jiha suka tara. Ka tanadi kamar dubu ɗari uku na kwas da littattafai da zirga-zirga.

Abu Hanif: Dubu ɗari uku? Hajiya, wannan kafin cire tallafin mai a 2023 ne. Yanzu ko kuɗin mota da masauki ba za ta yi ba.

Ummu Sadik: Kai da kake Saudiyya, yaushe rabonka da biyan kuɗin kwas a nan?

Ɗan Fulani: Duk wannan wahala don ka zama kafinta? Guduma, zarto, kusa. Zo Kofar Ruwa in sama maka oga.

Tsohon Residen: Ka bar wasa. Likitan Karkara, firamaris tana da wa'adi, kada ka tsaya kan Dala kaɗai. Ka sa ido kan AKTH, asibitin koyarwa na Aminu Kano, da asibitocin ƙashi na Igbobi a Legas da na Enugu in za ka iya nisa.

Nas Binta: Ku dai ku yi ku ƙware. Jiya aka kawo mana yaro ɗan firamare, mai ɗori ya ɗaure masa hannu da karare tamau, yatsu sun yi baƙi. Sai yankewa.

Ɗan Fulani: To laifin wa? Ki faɗa wa uban kuɗin ƙarfen da za a sa masa, ki ga in bai koma wurin mai ɗorin ba.

Nas Binta: Filasta kawai, wato simintin ɗori na asibiti, karayar nan take buƙata, Malam. Filasta!