"In kunne ya ji, jiki ya tsira": kunnen wa, kuma jikin wa?

Malamin tarihi, Zariya:
Assalamu alaikum. Karin maganar da nake so mu tattauna ita ce "In kunne ya ji, jiki ya tsira", kuma abin da ya sa na kawo ta shi ne labarin Ignaz Semmelweis, likita ɗan ƙasar Hangari da ya yi aiki a babban asibitin Biyana ta Ostiriya. Asibitin yana da sashen haihuwa biyu, ɗaya a hannun likitoci da ɗalibansu, ɗayan a hannun ungozomomi, amma zazzaɓin bayan haihuwa yana kashe kusan mace 10 cikin 100 a sashen likitoci, alhali a ɗayan bai kai rabin haka ba. A 1847 abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙar fiɗa ta yanke shi ana tsakiyar binciken gawa, kuma abin da aka gani a jikinsa irin na matan nan ne. Daga nan Semmelweis ya lura cewa ɗalibai suna fitowa daga ɗakin gawa su wuce kai tsaye kan masu naƙuda, sai ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu, kafin a fara wanke hannun, mace-macen sun kai kashi 18 cikin 100, zuwa Yuli sun sauka ƙasa da kashi 2. Duk da haka manyan likitocin Turai da dama sun ji labarin suka yi watsi da shi, shi kuwa ya rasu a gidan masu taɓin hankali a 1865. Kunnuwa sun ji, jikkuna ba su tsira ba. Shin karin maganar ta gaza ke nan?

Dattijo, Damagaram:
Wa alaikumus salam. Malam, ba ta gaza ba ko kaɗan. Idan uwa ta ce ɗanta ba ya ji, babu mai ɗauka cewa kurma ne. Ana nufin ba ya aiki da abin da aka faɗa masa. Likitocin nan magana ta shiga kunnensu kawai, girman kai ya hana ta zama, domin karɓarta na nufin su yarda cewa hannayensu ne suke kashe matan.

Ungozoma, Kano:
Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da fassararka, sai dai akwai abin da ya fi damuna. Wannan magana an yi ta ne ga mutum ɗaya mai kunne da jiki duka: an ce maka kada ka bi hanyar nan da dare, in ka ji ka tsira, in ka ƙi kai za ka sha wahala. A Biyana kuwa kunnen na likita ne, jikin na maijego ne. Matan sun riga sun ji, har an ruwaito wasu suna roƙo kada a kwantar da su a sashen likitoci, amma jin nasu bai isa ya cece su ba, tunda ba su da iko da hannun da zai taɓa su. Na sha tsayawa a kan mace tana durƙushe, jini yana zuba, na miƙa hannu famfo babu ruwa sai wanda 'yan uwanta suka kawo a bokiti. Saboda haka ba na son jin ana jefa wa mara lafiya wannan karin magana kamar laifin nasa ne.

Ɗalibin likitanci, Sakkwato:
Hajiya ta yi gaskiya. Ina so in ƙara da cewa mai faɗa ma yana da nasa nauyin. Semmelweis bai buga cikakken bayaninsa ba sai 1861, bai iya nuna ainihin abin da hannu yake ɗaukowa ba, kuma daga baya ya riƙa rubuta wa abokan hamayyarsa wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Joseph Lister, likitan fiɗa a Gilasgo ta Birtaniya, ya sami abin da shi bai samu ba, wato binciken Louis Pasteur na Faransa a kan ƙwayoyin da ido ba ya gani. A 1865 ya ɗaure karayar wani yaro ɗan shekara 11, wanda ƙashinsa ya huda fata, da ƙyallen da aka jiƙa da sinadarin kabolik, ciwon bai ruɓe ba, ƙafar ta tsira. Ya buga sakamakonsa a 1867, kuma ko shi sai da aka ɗauki shekaru ana jayayya kafin a bi shi.

Injiniyan ruwa, Kaduna:
Ranku ya daɗe, ga wani labari da ya juya maganar gaba ɗaya. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan ta kashe mutum sama da 600. Likita John Snow ya bi gida-gida, ya zana inda aka mutu a taswira, ya ga mace-macen sun fi yawa kewaye da famfon titin Broad. Ma'aikatan wani kamfanin yin giya da ke titin ba su kamu ba domin ba sa shan ruwan, amma wata gwauruwa da ke zaune nesa a Hampstead ta mutu, saboda ana kai mata ruwan famfon don tana son ɗanɗanonsa. An cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba, daga baya aka mayar, hukuma kuma ta tsaya a kan cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Sai a bazarar 1858, shekarar da Snow ya rasu, da warin kogin Tems ya addabi 'yan majalisa har aka jiƙa labulayen ginin da kulorin, sannan aka zartar da doka cikin 'yan makonni, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan da suka janye bahaya daga tsakiyar birni. Wari suka nufi kawarwa, sai ga shi sun raba ruwan sha da najasa. A nan jiki ya tsira alhali kunne bai karɓi gaskiya ba.

Dattijo, Damagaram:
Ɗana, wannan ya sa ni tunani, amma ka duba da kyau. Ba su motsa ba lokacin da talakawan Soho suke mutuwa, sai da cutarwar ta iso ƙofarsu. Wannan ya ƙarfafa maganar 'yata ungozoma ne. Ni dai yanzu zan ci gaba da faɗa wa jikokina wannan karin magana a kan abin da yake hannunsu, kamar tafasa ruwa da damina da wanke hannu bayan kewayawa. Idan kuwa rijiyar unguwa tana dab da masai, mai unguwa da hukumar ruwa zan faɗa wa.

Injiniyan ruwa, Kaduna:
Haka ne Baba, kuma sun ji daga ƙarshe. A 1866 kwalara ta sake kashe mutum sama da 5,000 a Landan, mafi yawansu a gabashin birnin, yankin da aikin magudanan bai kammala ba. William Farr, jami'in ƙididdigar mace-mace wanda a da yake cikin masu zargin iska, shi da kansa ya bi alƙaluman har ya gano cewa ruwan wani kamfani guda ne mafi yawan mamatan suke sha.